Yadda na gina littafin makirci a kan rikicin bankunan 2009

Wakilin labaran kuɗi da marubucin labarin makirci kayan aikinsu ɗaya ne: adadin da wani ya rubuta a takarda alhali ya san ba haka yake ba, da kuma ranar da asirin zai tonu. Ɗan jarida kalma 700 ko 800 edita ke ware masa, kuma duk jimlar da ya rubuta sai ya iya kare ta a gaban alƙali. Marubucin littafi yana da kalma dubu 60 zuwa dubu 90, an kuma yarje masa ya shiga ɗakin taron da ba a gayyace shi ba. Sai dai idan lissafinsa ya karkace, ma'aikacin banki na farko da ya karanta zai ajiye littafin, ya gaya wa abokan aikinsa kada su ɓata kuɗinsu. Hanyar da na bi daga aikin farko zuwa na biyu ita zan shimfiɗa a nan, tun daga zaɓen batu har zuwa maɗaba'a.

Batun da zai ɗauki littafi sai ya cika sharuɗɗa uku: takardunsa suna fili, ƙurarsa ta lafa, kuma akwai rana guda da komai ya rushe. Rikicin bankunan Najeriya na 2009 ya cika duka. A watan Yulin 2004 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Charles Soludo, ya ce kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25. Kuɗi ya yi musu yawa, wurin zuba shi ya yi kaɗan, sai suka shiga ba mutane rance su sayi hannun jari, hannun jarin da aka saya kuma shi ne jinginar. Ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya haura 66,000 a farkon Maris 2008, zuwa ƙarshen Maris 2009 ya faɗo ƙasa da 20,000. A tsakanin nan gangar ɗanyen mai ta sauko daga dala 147 a watan Yuli zuwa ƙasa da dala 40 a Disamba, naira ma ta zame, masu shigo da tataccen mai da bashin banki suka kasa biya. Sanusi Lamido Sanusi ya karɓi babban bankin a watan Yunin 2009, aka tura masu bincike na haɗin gwiwa da hukumar inshorar ajiya ta NDIC, ranar Juma'a 14 ga Agusta ya sauke shugabannin Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union, aka zuba musu naira biliyan 420. A watan Oktoba aka ƙara wasu bankunan, jimillar ta kai biliyan 620. Shekara ta gaba aka kafa AMCON don sayen ruɓaɓɓun basussukan.

Wannan sakin layin shi ne duk tarihin, kuma ba shi ne littafin ba. Abin da littafin ke buƙata shi ne yadda aka yi ta rufe ramin wata bayan wata, da hannun wa.

Karatun takardu

Na fara da rahotannin shekara na bankuna, na shekara biyar a jere, kuma daga baya nake karanta su. Jawabin shugaban hukumar daraktoci da hotunan bikin buɗe rassa ba su da abin ba ni. Ƙananan bayanan da ke bayan lissafin su ne wurin aiki. Akwai shafin da ke rarraba rance bisa nau'in jingina: nawa aka bayar a kan filaye da gidaje, nawa a kan hannun jari, nawa babu jingina ko kaɗan. Akwai shafin basussukan da ke da alaƙa da daraktoci. Akwai layin kuɗin da bankin ya ranto daga sauran bankuna, da layin alƙawuran da ba a shigar cikin babban lissafi ba. Idan ka kwafe waɗannan layuka huɗu na shekara biyar a takarda ɗaya, abubuwa sukan fito da kansu. Rance ya ninka cikin shekara guda amma kason bashin da ya tsaya ya ragu. Ajiyar jama'a ba ta ƙaru kamar rancen ba, giɓin kuma da kuɗin kwana ɗaya ko na mako na wasu bankuna ake cike shi. Ribar kuɗin ruwa da aka rubuta ta fi kuɗin ruwan da ya shigo hannu nesa ba kusa ba. Ɗaya daga cikin waɗannan ba hujja ba ce. Uku a wuri ɗaya, ɗan jarida ya samu dalilin ɗaga waya.

Bayan rahotanni sai takardun kotu, waɗanda a ganina sun fi komai daraja, domin a nan ne aka tilasta wa mutane faɗin ranaku da lambobi bisa rantsuwa. Cecilia Ibru, tsohuwar shugabar Oceanic, ta amsa laifi a watan Oktoban 2010, aka yanke mata wata shida, ta sallama kadarori na kimanin naira biliyan 190. Hukuncin da babbar kotun Landan ta yanke a 2012 a ƙarar da bankin Access ya kai Erastus Akingbola, tsohon shugaban Intercontinental, yana nan a rubuce, kuma ya bi diddigin yadda kuɗin banki ya tafi sayen hannun jarin bankin kansa. Ba don in kwafi mutanen nake karanta irin wannan ba. Tsarin nake nema: wace takarda ake cikewa, wa ke sa hannu, wane asusu kuɗin ke kwana a ciki kafin ya wuce.

Sai hira da mutane, kuma a nan zaɓe yana da muhimmanci. Tsohon manajan darakta tarihin kansa zai ba ka, a goge. Wanda ya yi aiki a sashen kula da takardun rance, ko sashen baitulmalin banki, ko ofishin dillalin hannun jari, shi zai gaya maka ƙarfe nawa ake rufe lissafin yini, a wane bene masu binciken babban banki ke zama idan sun zo, da yadda ake jinkirta musu fayil da cewa mai makullin ya tafi hutu. Tambayar da ta fi kawo amsa ita ce: "Ranar da kuka fi shan wuya, tun safe me kuka fara yi?"

Jadawalin ƙarya

Kafin in rubuta jimla ɗaya ta labari, na buɗe jadawali a kwamfuta na gina zambar da kaina, da lambobin da na ƙirƙira amma masu bin dokokin lokacin. Wannan matakin ne mafi yawan marubuta ke tsallakewa, shi ya sa littattafansu ke cike da "biliyoyin kuɗi" da ba a san inda suka shiga ba.

Bankin labarina yana da jarin masu hannun jari naira biliyan 150. Doka ta hana ba mutum ɗaya rancen da ya wuce kashi 20 cikin ɗari na wannan, wato biliyan 30. Shugaban bankin yana son biliyan 80 don tallafe farashin hannun jarin bankinsa, saboda haka dole a raba. Kamfanoni takwas na takarda, kowanne biliyan 10, daraktocinsu direba ne da ƙanen mata da magatakardan wani lauya. Kowane kamfani ya sayi hannun jari miliyan 400 a kan naira 25. Kuɗin ruwa kashi 18 a shekara, wato naira miliyan 450 kowane wata uku a kan kamfani ɗaya, biliyan 3.6 a kan takwas ɗin. Muddin farashi na hawa babu mai tambaya. Da ya sauko naira 15, jinginar kowane kamfani ta koma biliyan 6, rami biliyan 4. A naira 8 jinginar biliyan 3.2 ce kawai.

Ƙa'idar babban banki ta wancan lokaci ita ta ba ni agogon labarin. Bashin da ya kwana 90 ba a biya ba, sai banki ya ware kashi 10 nasa daga riba a matsayin asarar da ake hange. A kwana 180 ya zama kashi 50, a kwana 360 ya zama ɗari bisa ɗari. Idan an ware biliyan 80 gaba ɗaya, jarin ya koma biliyan 70. A kan kadarori masu haɗari na kusan biliyan 920, wannan kashi 7.6 ke nan, mafi ƙarancin da doka ta yarda kuwa kashi 10 ne. Bankin ya faɗi a takarda ko da ƙofofinsa na buɗe. Saboda haka duk kwana 89 sai an nemo biliyan 3.6 daga wani wuri an biya kuɗin ruwan, don agogon ya koma sifiri. Daga ina? Daga sabon rance ga kamfani na tara. Bayan shekara guda ramin ya ƙaru da fiye da biliyan 14 ba tare da an sayi hannun jari ko ɗaya ba, an kuma rubuta wannan kuɗin a matsayin riba, har an raba wa masu hannun jari wani abu daga ciki.

Kowane layi na jadawalin wata guda ne, daga Janairun 2007 zuwa Agustan 2009. Ginshiƙansa: farashi, jimillar bashi, darajar jingina, girman rami, kuɗin ruwan da ya kamata a biya, inda aka samo shi. Ginshiƙi na ƙarshe na sa masa suna "wa ya sani", kuma daga shi ne babobin suka fito. Duk watan da sabon suna ya shiga wannan ginshiƙin, akwai babi a wurin: an saye shi, ko an tsorata shi, ko an yi masa canjin wurin aiki, ko ya fara kwafar takardu yana kaiwa gida.

Agogo na biyu ƙarshen shekarar lissafi ne. Kafin Disamban 2009, lokacin da babban banki ya tilasta wa kowa rufe littafi a rana ɗaya, bankuna suna da ranakun rufewa daban-daban, wani Fabrairu, wani Maris, wani Yuni, wani Satumba. Wannan ya buɗe ƙofar aron riga ta ranar sallah: banki abokin hulɗa ya ajiye maka kuɗi kwana kaɗan kafin ranarka, masu binciken lissafi su ga ajiya ta cika, mako na gaba ya kwashe abinsa, kai ma ka rama masa idan tasa ranar ta zo. A labarina ranar 31 ga Maris ce, kuma babin da ya fi tada hankali shi ne wanda abokin ya kira ranar 27 ya ce bana ba zai iya ba. Agogo na uku shi ne tagar rance ta musamman da babban banki ya faɗaɗa a watan Oktoban 2008. Bankin da ya koma kullum yana tsaye a wannan tagar, ya riga ya gaya wa mai sa ido halin da yake ciki, ko bai buɗe baki ba.

Akwai ƙananan dokokin kasuwa da ke rusa babi sukutum idan ba a san su ba. A 2008 farashin hannun jari a Legas ba ya sauka fiye da kashi 5 a yini. Daga naira 25 zuwa 15 sai an yi kwanakin ciniki 10, mako biyu cur, don haka babin da farashi ya zube kashi 40 kafin azahar labarin wata ƙasa ne. A watan Agustan 2008 ma an rage iyakar saukar zuwa kashi 1, aka yi kusan wata biyu a haka kafin a janye. Da wannan iyakar saukar za ta ci kwanakin ciniki 51, kuma a duk tsawon lokacin masu sayarwa ne jere a allo babu mai saye. Ga marubuci wannan ya fi faɗuwar kwatsam amfani, domin mutuminka yana kallon dukiyarsa tana raguwa kullum da ƙarfe ɗaya, ba shi da hanyar fita. Sannan a wancan lokacin ko an sayar, kuɗi sai bayan kwanakin aiki uku suke shiga. Idan kwana 90 za su cika ranar Alhamis, sayarwar ranar Talata ba ta ceci kowa ba.

Kayan zamani ma sai an tace su. Lambar BVN a 2014 ta zo, saboda haka a 2008 mutum ɗaya na iya riƙe asusu da yawa da sunaye mabambanta ba tare da na'ura ta haɗa su ba. Tsarin lissafi na ƙasa da ƙasa, IFRS, a 2012 bankuna suka koma kansa. Dokar kamfanoni da ta tilasta bayyana ainihin masu iko da kamfani ta 2020 ce, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Ɗan jaridan da ke cikin labarina idan yana son sanin masu kamfani, lauya zai biya ya je ofishin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ya nemo fayil na takarda, wataƙila a ce masa ba a ga fayil ɗin ba. Wayar manyan ma'aikatan banki a lokacin BlackBerry ce. Kasuwar kanta ba a fara kiranta NGX ba sai 2021.

Mutanen ciki

Idon da mai karatu zai kalli labarin da shi bai kamata ya zama na shugaban banki ba, domin shi ya san komai, babu abin da zai gano. Na zaɓi ma'aikaciya mai matsakaicin muƙami a sashen kula da takardun rance, wadda fayil ke ratsa teburinta amma ba ta da ikon hana shi wucewa. Kowace zamba tana da shinge ɗaya da ya karye, kuma akwai mutum zaune a wurin. A Barings, bankin Ingila da ya rushe a Fabrairun 1995 da asarar fam miliyan 827, shingen shi ne Nick Leeson a Singafo yana riƙe da ciniki da kuma ofishin da ke tantance cinikin, shi ya sa asusun 88888 ya daɗe a ɓoye. Nemo irin wannan kujerar a bankinka, ka zaunar da jarumarka kusa da ita.

Shugaban bankin kuma kada ya san kansa a matsayin ɓarawo. A ransa kasuwa za ta farfaɗo kafin Disamba, a mayar da komai, ba wanda zai ji. Wannan imanin ne ke sa shi ƙara zurfi, kuma shi ke sa mai karatu ya kasa tsanarsa gaba ɗaya. Barazana ma ta zama irin ta wurin. Gawa a kowane babi ba ta dace da banki ba. Abin da ke akwai shi ne canjin aiki zuwa reshen da ke nesa da makarantar yara, da tunatarwa a kan rancen ma'aikata, da takardar da ke ɗauke da sa hannunka kai kaɗai. Ga ɗan jarida kuwa, janye tallace-tallace daga jaridarsa, ko a juya zargin kansa. Wannan na ƙarshen ba ƙirƙira ba ce: a 2019 hukumar sa ido ta Jamus, BaFin, ta kai ƙarar 'yan jaridar Financial Times da ke binciken kamfanin hada-hadar biyan kuɗi na Wirecard, kafin a watan Yunin 2020 kamfanin ya amince cewa yuro biliyan 1.9 da ke cikin lissafinsa da alama babu su.

Babbar cutar ɗan jaridan da ya koma marubuci ita ce bayani. Hannunsa ya saba da sakin layi na uku, inda ake tsayawa a fayyace wa mai karatu mene ne rancen sayen hannun jari. A littafi wannan tsayuwar ita ce inda ake rufe shafi a ɗauki waya. Dokar da na bi: ba a bayyana komai sai idan wani a cikin ɗakin yana buƙatar sani kuma yana da abin da zai rasa. Duk lissafin kwana 90 da ke sama, ga yadda ya shiga littafin:

"Yallaɓai, wannan kamfanin bai biya ko kwabo ba tun Oktoba."

"Ya biya, Hajara. Duba ranar 28."

"Na duba, yallaɓai. Miliyan 450 sun shigo. Amma daga asusun da muka ba sabon rance ranar 27 suka fito."

Ya cire tabarau ya ɗora a kan fayil ɗin, daidai kan layin da yatsarta ke nunawa.

"Hannun jarin da kika saya da rancen ma'aikata, saura nawa ki gama biya?"

Ba a ambaci kashi 10 ba, ba a ambaci dokar babban banki ba. Mai karatu ya gane an biya bashi da bashi, ya kuma gane an yi mata kashedi. Daga jadawalin mai layi 32, abin da ya fito fili a littafin bai wuce lambobi biyar ko shida ba, kuma su nake maimaitawa har su zauna: naira 25, biliyan 80, kwana 90, 31 ga Maris. Sauran suna ƙasa suna riƙe ginin.

Babi na barin shi tsakanin kalma 1,500 da 2,500, kowanne da kwanan wata a samansa, don mai karatu ya riƙa ƙirga kwanakin da kansa. Babin ƙarshe na fara tsarawa, wato yammacin Juma'ar da sababbin shugabanni suka shigo da rakiyar jami'an tsaro, sannan na komo baya.

Da rubutun farko ya kammala, hannu uku ya ratsa. Tsohon ma'aikacin banki, da jan biro, aikinsa kawai ya nuna inda abu ba zai yiwu ba. Sai wanda bai taɓa sayen hannun jari ba, shi kuma ya sa alama a duk shafin da hankalinsa ya tafi wani wuri. Su biyun kusan kullum saɓani suke, na farko yana son a ƙara, na biyu yana son a rage, kuma idan ba kuskuren lissafi ba ne, na biyu nake bi. Hannu na uku lauya ne.

Lauya, edita da majiya

Canja suna ba ya kare kowa daga ƙarar ɓata suna. Abin da kotu ke dubawa shi ne ko mutanen da suka san mai ƙarar za su ɗauka shi ake nufi. Tun 1909 kotun ƙoli ta Ingila ta tabbatar da diyyar fam 1,750 ga wani lauya mai suna Artemus Jones, saboda wata jarida ta yi amfani da sunansa ga mutumin da ta ce ƙirƙirarsa ta yi. A arewacin Najeriya ɓata suna laifi ne ma a ƙarƙashin sashe na 391 da 392 na kundin Penal Code, ban da ƙarar neman diyya. Don haka na canja abubuwan da ake gane mutum da su a haɗe: jiharsa, shekarunsa, yadda ya samu kujerar, tarihin kafuwar bankin, launin tambarinsa, unguwar da hedkwatar take. Sunan bankin da na kamfanoni takwas ɗin na bincika su ɗaya-ɗaya a shafin CAC don tabbatar da babu mai rajista da su. Mutanen gaskiya, irin su gwamnan babban banki, sun tsaya a gefe, ba su faɗi komai a littafin ba sai abin da aka san sun yi a bainar jama'a.

Abin da majiya ta faɗa maka a sirrance don aikin jarida ba naka ba ne ka zuba a littafi yadda za a gane ta. Idan mutum uku ne kaɗai suka halarci wani taro, kuma littafinka ya kawo abin da aka ci a wurin, ka tona ɗayansu. Irin wannan ko dai a koma a nemi izini, ko a sauya shi har mai shi ya kasa gane kansa. Edita ma a sanar da shi tun da wuri, a rubuce, a kuma duba takardar ɗaukar aiki, domin wasu gidajen jarida suna da sharaɗi a kan rubutun waje da kuma abin da aka tattara da kuɗinsu. Shari'ar da ke gaban kotu a nisance ta.

Lokacin rubutu kuwa kalandar teburin kuɗi ce ke yanke shi. Kamfanonin da ke kasuwa suna da kwana 90 bayan ƙarshen shekara su fitar da lissafin da aka bincika, da kwana 30 bayan kowane wata uku, ga zaman kwamitin manufofin kuɗi duk wata biyu, ga kasafin kuɗi. Ƙarshen Maris da Afrilu da Yuli da Oktoba ba na littafi ba ne. A sauran makonnin, kalma 500 a yini, kwana biyar a mako, suna kai mutum dubu 60 cikin mako 24, ban da gyara, wanda yakan ci kusan haka.

Maɗaba'a

Kalma dubu 60 a girman A5 sukan ba da shafi 220 zuwa 240. A daidaita adadin ya rabu da 16, saboda a haka ake naɗe manyan takardun, in ba haka ba ka biya kuɗin fararen shafuka. Cikin littafi takarda mai nauyin giram 70 ta wadatar, bango kuma kati mai 250 ko 300 da leda a kai. Kafin a buga duka, a nemi kwafin gwaji a duba abu biyu: haruffa masu lanƙwasa, domin wasu nau'o'in rubutu na kwamfuta suna mayar da ƙ da ɗ da ɓ akwatuna, da kuma lambobi, domin sifiri ɗaya da ya faɗi yana mayar da miliyan 450 miliyan 45. Lambar shaidar littafi ta ISBN daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, kuma doka ta wajabta kai musu kwafi uku bayan bugawa. Haƙƙin mallaka yana tabbata da zarar an rubuta, rajista da hukumar kare haƙƙin mallaka ta NCC shaida ce kawai ta ƙari. Mai sayarwa a Kano ya tuntuɓi hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jihar kafin ya kai kasuwa.

Idan da mawallafi za a yi, ladan marubuci yakan zagaya kashi 10, amma a duba ko na farashin bango ne ko na abin da ya rage bayan ragin 'yan kasuwa, don tazarar tana da yawa. Haƙƙin fim da na karantawa a rediyo da na fassara a ware su daga yarjejeniyar, a kuma sa sharaɗin cewa haƙƙin bugu zai dawo hannunka idan littafin ya ƙare a kasuwa ba a sake bugawa ba. Kuɗin bugun farko ba ya maye gurbin albashi, don haka takardar barin aiki ta jira. Abin da na nema daga edita kawai shi ne a ɗauke ni daga labaran bankuna daga wata uku kafin fitowar littafin zuwa wata uku bayanta, a mayar da ni kan kasafin kuɗi da farashin kaya, don kada wani banki ya samu bakin cewa rahotona talla ce ga littafina.